Muryar Kakata da Batura Takwas

Idan har ka kawo wannan aji kana koyon Hausa, to ka riga ka gane cewa akwai abin da littafi ba zai iya koya maka ba. Dubi kalmar "kuka". A rubuce ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Akwai kukan da jariri yake yi, akwai kuma kuka, itaciyar da ake miya da ganyenta. Haka nan "gari" inda mutane suke zaune, da "gari" wanda ake tuƙa tuwo da shi. Kalmomin farko karin sauti ne ya raba su, na biyu kuwa tsawon wasali. Ido ba ya ganin wannan bambanci, sai dai kunne ya ji shi.

Wannan ne ya sa na daɗe ina shiga aji da wata ƙaramar rakoda mai cin kaset. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Ibadan, kuma yawancin ɗalibaina Yarbawa ne. Karin sauti ba ya ba su wahala sosai, domin harshensu ma yana da shi, amma dogon wasali da gajere suna ruɗa su ƙwarai. Ina da kaset biyar na tatsuniyoyi da na ɗauka daga bakin kakata, Allah ya jiƙanta, tun ina ɗalibi a jami'a. Hausarta a natse take, ba ta gaggawa, ba ta haɗiye harafi. Na kwafe muryar a wayata don gudun asara, amma lasifikar wayar ba ta kai wa bayan aji mai ɗalibai hamsin. Soket ɗin ajinmu kuwa ya daɗe da mutuwa. Saboda haka darasin sauraro duka ya dogara ne a kan ƙananan batura huɗu, irin waɗanda ake rubuta wa AA.

Wata Laraba, saura mako uku a fara jarrabawa, na kunna rakodar. Kakata ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ɗalibai suka amsa kamar yadda na koya musu. Ba a yi minti goma ba sai muryar ta fara ja, tana yin ƙasa tana kauri, har ta koma kamar ta wani ƙato mai jin barci. Idan batir ya yi sanyi, injin da yake juya kaset yakan rage gudu, sauti kuma ya yi ƙasa. Aji ya tuntsure da dariya. Ban ga laifinsu ba, yara ne, amma abin ya sosa mini rai ta fuska biyu. Darasin karin sauti ya lalace, tunda sautin ne da kansa ya karkace. Sannan muryar da ake yi wa dariya ta tsohuwar da ta goya ni ce. Na kashe rakodar, na ƙarasa tatsuniyar da bakina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a daren jiya na yi wa baturan caji. Ina da guda takwas masu caji: huɗu tsofaffi da aka rubuta wa 2000, da huɗu sababbi masu ƙyalli da aka rubuta wa 4800, waɗanda na saya a hannun wani ɗan tebur a bakin hanya. Cajar da nake amfani da ita mai araha ce, bibbiyu take ɗaukar batura, kuma kullum da zafi nake cire su, kamar an tsamo dankali daga tukunya.

A hutun da ya biyo baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake karatun injiniyan lantarki, ya kawo mini ziyara. Da na ba shi labari sai ya yi murmushi. Bayan mako biyu ya dawo da wani ƙaramin kwali da ya sayo a kasuwar Alaba ta Legas. Ya ce, "Malam, wannan na'urar caji ce, kuma tana gyara batir. Amma ba a haɗa ta ba. Ku za ku haɗa da kanku."

Na ce, "Ni da na karanta harshe, ina ni ina wannan aiki?"

Ya ce, "Malam, ku ne kuka ce mana wanda bai buɗe baki ya yi kuskure ba, ba zai iya Hausa ba."

Ban sami amsar da zan ba shi ba, sai na karɓi kwalin.

Bari in gaya maka abin da na tarar a ciki, domin sunayen za su yi maka amfani. Akwai wani ɗan allo kore mai ƙananan huji da yawa, bayansa da layukan tagulla waɗanda su ne hanyoyin wuta. Akwai resista, wasu 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa masu zobba kala-kala, aikinsu rage yawan wutar da take wucewa. Akwai diyod, wadda take barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai ba ta komo ba. Akwai kafasita mai kama da ɗan gwangwani, da 'yan fitilu ja da kore, da makunni, da gidan batura mai ɗaki huɗu. Sai wasu baƙaƙe guda huɗu masu ƙafa uku-uku, an rubuta musu LM317, kowane da ɗan farantin alminiyam da zai riƙa sha masa zafi. Takardar bayani da Turanci take, amma wallahi da farko ban fahimci rabinta ba. Ranar na ɗanɗani abin da kake ji idan na ba ka shafin Hausa na ce ka karanta.

Da ɗan gari akan ci gari. Na ɗauki kwalin na nufi Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa tun 1916, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, aiki na zo koya." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kai da kake koyar da mutane?" Sannan ya matsa mini a benci.

Abin da ya koya mini shi ne liƙi da dalma. Ana sa ƙafar resista a huji, a juya allon, a ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan ƙafar da tagullar tare, a ƙirga ɗaya, biyu, sannan a kawo zaren dalma. Zaren gauraye ne na kuza da dalma, yana narkewa a zafin da bai kai digiri 200 ba. Ni kuwa sai in narkar da shi a bakin ƙarfen in ɗiga a kan allo, kamar mai zuba man shanu a tuwo. Baba ya ce, "A'a. Wurin za ka gasa, dalma ita za ta bi zafi da kanta." Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana da siffar ɗan tsauni. Marar kyau kuwa dunƙule yake, ya dushe, kuma ko da ido ya ga kamar ya kama, wuta ba ta bi sosai. Sai da na ɓata guntun tsohon allo biyu, na kuma ƙone ɗan yatsa, kafin ya yarda in taɓa nawa.

Da zan tafi ya sa na wanke hannu da sabulu, ya ce kada in kuskura in ci goro ko abinci ina cikin wannan aiki, kuma in riƙa buɗe taga. Gaskiyarsa. Dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara. A 2010 ɗaruruwan yara suka rasu a wasu ƙauyukan Zamfara saboda dalmar da take cikin duwatsun da ake niƙawa don neman zinariya. Ɗan abin da ke cikin zaren liƙi bai kai wannan ba, amma ba abin wasa ba ne.

Dare uku na yi ina haɗawa. Na fara da gajerun kaya, na ƙare da dogaye, domin idan ka fara da dogaye allon ba zai kwanta daidai ba. Resista ba ruwanta da gaba ko baya, ko ta ina ka sa ta daidai ne. Diyod da kafasita da 'yan fitilu kuwa kowace tana da fuska. Doguwar ƙafar fitila tana zuwa gefen alamar tarawa, gajerar kuma gefen alamar ɗebewa. Kafasita idan aka juya ta tana iya kumbura ta fashe. Wannan na kiyaye shi sosai, har ina duba kowace sau uku. Inda ban yi tsammani ba, can na faɗi, amma kafin in kai ga nan sai ka san yadda na'urar take aiki.

Ka ɗauki wutar lantarki kamar ruwa a famfo. Ƙarfin turin ruwan shi ne abin da ake aunawa da bolt, sunan da aka samo daga Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. Yawan ruwan da yake gudana shi ake aunawa da amfiya, kuma kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ne miliamfiya. Batir kuma randa ce. Lambar 2000 da ke jikinsa girman randar take faɗa: zai iya ba da miliamfiya 2000 na awa ɗaya, ko 500 na awa huɗu. Batirin Volta idan ya ƙare ya ƙare. Gaston Planté na Faransa ne ya fito da mai caji a 1859, wato kakan batirin motar da ka sani. A 1899 Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya ƙera na nikel da kadmiyam, wanda ake rubuta wa NiCd. Nawa ƙannensa ne, waɗanda ake rubuta wa NiMH. Duka biyun ƙarfinsu bolt 1.2 ne, ba 1.5 irin na batirin da ake yarwa ba.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ta cika irin wannan randa ita ce a hankali. Ana raba lambar batirin gida goma, a ba shi kashi ɗaya. Mai 2000 sai a ba shi miliamfiya 200 na awa 14 zuwa 16. Za ka ce ai awa goma ya kamata ya isa. Haka lissafi ya nuna, amma ba duk wutar da ta shiga take zama ba, wata zafi take komawa. Aikin LM317 shi ne ta tsayar da wannan gudu kada ya ƙaru kada ya ragu. Tana riƙe bolt 1.25 a tsakanin ƙafafunta biyu, kai kuma ka sa resista a wurin. Idan ka raba 1.25 da girman resistar, abin da ya fito shi ne gudun wutar. Resista mai om 6.2 tana ba da kusan miliamfiya 200. Mai om 62 tana ba da 20 kacal, wanda ake amfani da shi don riƙe batirin da ya riga ya cika. Na'urata tana da duka biyun, makunni ne yake zaɓa. Diyod kuma ita ce mai gadin ƙofa: idan aka ɗauke wuta cikin dare, ba za ta bari cajin da ya shiga ya zurare ya koma ba. A ƙasarmu wannan 'yar ƙwaya ta biya kuɗinta.

Da na gama, na jona, fitilu huɗu suka kama ja. Na yi murna har na ta da maiɗakina daga barci don ta gani. Na sa tsofaffin baturan, na ƙirga awa 15, ina cire lokacin da aka ɗauke wuta. Na sa su a rakoda. Ko juyawa kaset bai yi ba.

Na koma Sabo jiki a sanyaye. Baba bai ce komai ba, ya ɗauko mita ya auna. Ta nuna 20. Ya murɗa makunnin zuwa wurin riƙo, ta nuna 200. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce, "Karanta zobban nan." Na karanta: shuɗi, ja, baƙi. Na duba ɗayar: shuɗi, ja, ruwan zinariya. Shuɗi 6 ne, ja 2 ne. Zobe na uku idan baƙi ne lambar ta tsaya 62, idan ruwan zinariya ne sai a raba ta da goma ta zama 6.2. A hasken fitilar ƙwai na yi aikin daren da aka ɗauke wuta, ina ta jera su a huji kafin wuta ta dawo in liƙa, na kuwa musanya su a ɗakuna huɗun duka. Ni da nake jan kunnen ɗalibai a kan ƙugiyar da ta raba "daki" da "ɗaki", ga shi zobe ɗaya ya kayar da ni. Baba ya yi dariya har da tari. Cire resista takwas da mayar da su ya fi sa su wahala nesa ba kusa ba.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wato gyaran batir. Na'urar tana da wani makunni na biyu wanda yake sauke caji maimakon ya cika. Yana haɗa batir da resista mai om 2.4, wadda take jan kusan miliamfiya 500, har ƙarfin batirin ya sauko bolt 1.0. Nan take sai ta yanke, koriyar fitila ta kama. Ba a wuce wannan iyaka, domin tatse batir ƙarƙaf yana lalata shi. Amfanin wannan iri biyu ne. Na farko, awo ne: idan ka duba agogo ka ga awa nawa batirin ya yi, ka ninka da 500, ka san ainihin girman randarsa. Na biyu, magani ne. Batirin nikel da aka daɗe ana dafa shi da caji fiye da kima, ko aka daɗe da ajiye shi, ƙarfinsa yakan faɗi da wuri, har na'ura ta ɗauka ya ƙare alhali da saura. Idan aka sauke shi aka cika, aka maimaita sau biyu ko uku, sau da yawa yakan farfaɗo. Mutane suna cewa batir yana "tuna" inda aka saba tsayar da shi. Wannan magana an fi ƙarfinta. Akwai ta a batirin NiCd a wasu yanayi ƙalilan, amma yawancin abin da ake ɗora mata laifin caja marar kyau ne.

Na liƙa wa kowane batir lamba daga 1 zuwa 8, na ja layi a bayan littafin shirin darasi. A zagayen farko, lamba 1 da 2 da 4 sun yi tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A zagaye na uku kowanensu ya kai kusan awa uku. Lamba 3 kuwa minti ashirin ya yi a farko, minti ashirin a ƙarshe. Shi ne ɓarawon. A cikin rakoda baturan a jere suke, wutar ɗaya tana bi ta cikin ɗaya, don haka idan guda ya ƙare duka sun tsaya. Abin da ya fi muni, sauran ukun sukan ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, suna ƙara kashe shi. Tsohuwar cajata mai ɗaukar bibbiyu ita ma ta taimaka: tana ba mai ƙoshi da mai yunwa abinci daidai wa daida, kuma ba ta san lokacin tsayawa ba.

Masu ƙyallin nan na 4800 fa? Tun wajen caji suka tona asirin kansu. Bayan awa uku ko huɗu sai na ji sun ɗau zafi, alamar sun cika ke nan, na cire su. Wajen saukewa babu wanda ya kai awa ɗaya, kuma zagaye uku bai ƙara musu komai ba. Ashe ko 500 ba su cika ba. Daga baya na fahimci cewa batirin NiMH mai girman AA na gaskiya bai cika wuce 2500 zuwa 2800 ba. Duk wanda aka rubuta wa fiye da haka da nisa, fenti ne kawai. Ka ɗaga shi a tafin hannu ma za ka ji ba nauyi. Araha ba ta ado, ni na biya kuɗin wannan karatu.

Kada ka ɗauka wannan na'ura tana ta da matacce. Ba ta yi wa lamba 3 komai ba. Kuma ba kullum ake wannan gyara ba, domin kowane zagaye yana cin wani abu daga kwanakin batir. Ni sau ɗaya nake yi a zangon karatu. Abu mafi muhimmanci kuwa, wanda nake roƙonka ka riƙe ko da ka manta sauran, shi ne wannan: kada ka sa batirin waya ko na kwamfuta a irin wannan na'ura. Waɗannan na lithiyam ne, waɗanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Ƙarfinsu kusan bolt 3.7 ne, ba a bari su wuce 4.2, kuma ba sa son a tatse su. Idan aka yi musu cajin da ya wuce kima suna iya kama wuta. Haka batirin da ake yarwa, shi ma ba a yi masa caji. Kuma ɓangaren da yake shiga soket, adafta ce ta kanti mai ba da bolt 9. Ban haɗa ta da kaina ba, kai ma kada ka taɓa wutar gida sai da babba wanda ya san aikin.

Na sayi sababbin batura huɗu a wani kanti da tsohon ɗalibina ya amince da shi. Kafin su shiga rakoda sai da suka bi ta na'urar, kowane ya kusa cika awa huɗu. Su na ware wa aji, tare suke shiga tare suke fita, ba na cakuɗa su da wasu. Ukun da suka farfaɗo suna cikin fitilar da nake duba takardun jarrabawa da ita. Masu ƙyalli sun koma rimot da agogon bango, aikin da ya yi daidai da ƙarfinsu.

Da aka dawo hutu, Larabar farko, na sake sa kaset ɗin daga farko. Kakata ta kai tatsuniyar Gizo har ƙurunƙus da muryarta ta ainihi, siririya mai ɗan rawa. Wata yarinya da take zama a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da ta ce gari, na farko gajere ne, na biyu dogo ne." Na mayar da kaset baya muka sake saurara. Daidai ta ji.

Lamba 3 yana nan a cikin wani gwangwanin madara a kan tagata, na naɗe kansa da salatif. Ba a jefa batir a wuta, ba a yar da shi kusa da rijiya ko inda yara suke wasa, ni kuwa har yau ina neman inda ake karɓar irinsa. Ɗalibai uku sun ce in koya musu liƙi da dalma. Na ce su bari sai ranar Asabar mu tafi Sabo tare, da sharaɗin su za su gaishe da Baba da Hausa, su kuma faɗa masa abin da ya kawo su.